Mabuɗin Ƙofar Gajimare

Asabar, 4 ga Mayu

Sun cuce mu. Shekara shida ni da Baba muna rufe shagonmu na gyaran agogo da azahar duk Asabar, mu jawo kujeru gaban 'yar talabijin ɗin da ke saman kabad, muna kallon shirin nan, muna jiran ranar da Mai Gadi zai gwabza da Sarkin Inuwa a Ƙofar Gajimare. Yau ranar ta zo. Me ya yi? Ya ciro mabuɗin ƙofar daga wuyansa, ya rataya wa yarinyar da ya rena tun tana ƙarama, ya ɗauki sandarsa ya kama hanya. Ko takobi bai zare ba. Ita ya bari da yaƙin.

Baba har da gyaɗa kai, wai “ya yi daidai.” Ban tanka ba, don ina buɗe baki rashin kunya zan yi.

Lahadi, 5 ga Mayu

Rukunin masoya shirin a waya ya kama da wuta. Wata ta ce ta yage hotonsa daga bangon ɗakinta. Wani malamin makaranta ya rubuto takardar koke, a sake ɗaukar kashin ƙarshe. Ni ce ta uku a sa hannu, kuma ina jin haushin biyun da suka riga ni.

Talata, 7 ga Mayu

Na rubuta nawa ƙarshen, shafi huɗu. Mai Gadi ya tsaya, ya yi yaƙi, ya ci. 'Yan rukuni sai yabo suke. Na karanta wa Baba yana gyaran agogon wani direba. Ya ce, “Uwar gardama, ba ki lura da hannunsa ba? Ko kofi ya daina riƙewa da kyau.” Na ce jarumi ba ya ajiye aiki saboda hannu. Ya ci gaba da gyaransa.

Ba ruwana. Mai Gadi matsoraci ne, a gaban kowa zan faɗa.

Laraba, 8 ga Mayu

Mutum dubu goma sha ɗaya sun sa hannu. Su ji da kyau.

Alhamis, 9 ga Mayu

Sau uku ɗan sukurun agogon direban yana kuɓuce wa Baba. Na ukun ni na tsinto shi a ƙarƙashin benci. Ya ce in ƙarasa, wai hasken shagon ne bai isa ba. Ƙwan fitilar sabo ne, ni na sa shi makon jiya. Na ƙarasa.

Wata uku ke nan duk ƙananan agoguna ni yake tura wa. Na ɗauka gwada ni yake yi.

Wannan bai shafi shirin ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Azahar na yi muka rufe shago kamar kullum, sai muka zauna muna kallon juna. Baba ya ce in sake sa mana kashin ƙarshe. Na ce ba da ni ba. Na sa masa dai, na ba talabijin baya ina goge gilasai. Rabin baya.

Hannun Mai Gadi na rawa lokacin da yake ciro igiyar. Ban gani ba a karon farko. Yarinyar ma ba ta gani ba, sai masifa take masa wai zai gudu ya bar ta. Bakinta sak nawa. Na ji kunya, kuma na ji tsoro.

Litinin, 13 ga Mayu

Da safe na tarar da mabuɗan shago a kan takalmina, da igiyar fatar da Baba ke ratayawa a wuya. Yana zaune yana shan shayi. Ya ce, “Je ki buɗe. Zan riƙa leƙowa ranar Asabar.” Na ce ban yarda ba, ban shirya ba, masu agogo shi suka sani. Ya ce, “Wata uku aikinki suke yabawa.”

Na daɗe a tsaye. Na ɗauka.

Malamin nan ya ce in aika ƙarshena ga masu shirin tare da koken. Na ce masa sai na ɗan gyara. Har yanzu ban ce nasu ya yi kyau ba, kar a yi mini ƙarya.

Igiyar ta yi mini tsawo. Ban rage ta ba.