Gilashinki Ya Je Zonkwa Sau Uku

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina hutawa a inda babu ciwon gwiwa, babu hawan jini. Mu nan Kafanchan lafiya lau, an haƙe citta, an gyara rufin kicin. Dalilin wannan takarda shi ne in kawo miki ƙarar kaina, don na yi abin da da kina nan sai kin bi ni da muciya. Wata huɗu cur muka yi muna yi wa Bitrus ƙarya.

Kin san ɗanki. Shekara talatin da huɗu, ƙwaƙwalwarsa tun haihuwa a hankali take tafiya, amma duk unguwa babu mai riƙe lokaci kamarsa. Shi ke buga ƙararrawar coci, guntun ƙarfen layin dogon nan da ke rataye a mangwaro. Ranar Lahadi da sauri-sauri, ranar jana'iza ɗaya-ɗaya. Kin sha faɗa mana, "Bitrus ba wawa ba ne. A hankali yake zuwa, amma yana isowa." Ranar da kika rasu, duk muka manta da wannan magana.

Yayanki, Kawu Ishaku, shi ya yanke hukunci cewa zuciyar Bitrus ba za ta ɗauka ba. Tun kafin a kafa rumfar makoki aka ɗora shi a mashin zuwa Godogodo, wai ya taya Anti Laraba ɓarar masara. Da ya dawo ya tambaye ki, ni Rifkatu, da bakin nan da nake waƙa a kwaya, na ce kin tafi taron zumuntar mata a Zonkwa. Ya buɗe jakar kayanki, ya ga babu zanen zumunta, ya yarda. Bai san da shi muka binne ki ba.

Abin da muka manta, Bitrus ya san taron nan kwana huɗu ake yi. Rana ta biyar ya yi wanka, ya sa rigar Lahadi, ya tafi tasha taryarki. Na ce an ƙara kwanaki. Da wannan ƙaryar ta tsufa, Kawu ya ce an zaɓe ki shugabar shiyya. Anti Laraba kuwa, da ba ta iya ƙarya ƙarama ba, ta tura ki Jos koyar da sababbin waƙoƙi. Mama, ke da ko amshi ba kya yi sai an juyo an kalle ki! A wata huɗun nan kin sami muƙaman da ba ki taɓa samu ba da ranki.

Sai ga maganar gilashi. Ya tsince shi a taga, inda kike ajiyewa bayan karatun safe, hankalinsa ya tashi. "Mama ya manta gilashin shi. Yaya zai yi karatu?" Ya naɗe shi a leda biyu, ya kai wa Malam Sani, direban motar Zonkwa, wanda kike sayar wa ƙosai shekara da shekaru. Malam Sani ya zo mana ta'aziyya, ya san komai, amma ya kalli fuskar Bitrus ya kasa. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a gaban mota, ya je Zonkwa ya dawo, ya miƙo mini ta bayan katanga.

Na ɓoye a buhun acca. Kwana biyu Bitrus ya tono shi, ya ce wannan direba akwai mantuwa, ya sake kai masa. Na ɓoye a cikin takalmin ruwa na Baba, nan ma ya tono. A karo na uku Malam Sani ya shigo ta ƙofar gida da gilashin a hannu, ya zauna, ya cire hula. Ya ce, "Rifkatu, shekara ashirin ina tuƙi, ban taɓa kai saƙo lahira ba. Ku ji tsoron Allah ku faɗa wa bawan Allahn nan gaskiya."

Na yi dariya a lokacin, amma abin ya wuce dariya. Bitrus ya daina cin tuwo, wandonsa ya fara zamewa. Ruwa ya dake shi a tasha ya ƙi tashi. Lahadi biyu bai buga ƙarfe ba. Kawu ya ce iskoki ne, a kai shi dutsen addu'a a yi masa azumi, mutumin da tuni ba ya cin abinci. Wata safiya ina shara ya tsaya a bayana ya ce, "Yaya, na yi laifi ne? Mama yana fushi da ni?" Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Ban taɓa jin kunyar kaina kamar ranar ba.

Na hau mota zuwa Gidan Waya wurin Malama Hannatu, wadda ke koya wa malamai yadda ake kula da mutane irin Bitrus. Ta bar ni na gama kukana, sannan ta wanke ni tas. Ta ce babu iskoki a nan, baƙin ciki ne, kuma mun bar shi yana ɗaukarsa shi kaɗai bai san sunansa ba. Ta ce kada in ce kin yi barci, kada in ce kin yi tafiya. In faɗi kalmar yadda take, in nuna masa kabarin, in ya sake tambaya gobe in sake amsawa.

Ranar Talata da hantsi na riƙe hannunsa muka je. Na ce, "Bitrus, Mama ta mutu. Ga inda take. Ba ta fushi da kai, mu ne muka yi maka ƙarya." Ya daɗe yana kallon ƙasar. Na shirya wa ihunsa, na shirya wa faɗuwarsa. Sai ya ce, "Wa ya buga ƙarfe?" Na ce ɗan Fasto. Ya girgiza kai ya ce, "Bai iya ba."

Ya juya ya nufi coci, ina bin sa da gudu. Ya ɗauki guduma ya fara bugawa, ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa mamaci. Mama, da kin ga unguwa! Mata sun fito da ƙullu a hannu, Fasto ya fito da singileti. Wasu har sun gama cewa Kawu Ishaku ne, sai ga shi ya iso yana haki yana tambayar wa ya mutu. Ya nufi Bitrus zai ƙwace gudumar, Fasto ya riƙe masa hannu ya ce a bar shi.

Matan zumunta suka gane, suka ɗauki waƙar da kike so. Bitrus yana bugawa, hawaye na zuba a rigarsa, bai yi kuskuren bugu ko ɗaya ba. Jana'iza biyu kika samu, kuma ta biyun ta fi.

Yanzu yana cin tuwo, har da neman ƙari. Wata rana yakan tashi ya tambaye ki, in sake faɗa masa, mu zauna tare har ya wuce. Duk ƙarshen wata muna zuwa wurin Malama Hannatu, inda iyalai irin namu ke haɗuwa. Kawu ma ya bi mu sau ɗaya, ya fi kowa tambaya.

Jiya Bitrus ya ce in raka shi wurinki. Ya ciro ledar nan daga aljihu, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya ajiye shi ta wajen kanki. Ya ce, "Mama, Malam Sani bai san hanya ba. Na kawo da kaina."

Ki gafarce ni, Mama. Ubangiji ya ba ki hutawa, ya riƙe mana Bitrus, ya ba ni rabin haƙurin da kika yi da mu duka, har ranar da za mu sake saduwa. Amin.

Ni ce 'yarki mai kunnen ƙashi,
Rifkatu