Rumbun Kaka da Motar Kashe Gobara

Yaya Rosnidar,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Ya ciwon gwiwa, ya aikin ofishin gunduma?

Kin san ni. A aji uku na sakandare na tsaya, amma na gina gada biyu, da asibitin garinmu, da gidan 'yan kwana-kwana na kan tudu, ba wanda ya riƙe mini hannu. To, girgizar ƙasar ranar Talata ta kunyata ni. Gidan 'yan kwana-kwanan bai faɗi ba, amma bango ya karkace, ƙofar ƙarfe ta cije. Wuta na cin kasuwa, motar kashe gobara na ciki kamar kaza a akurki. Marjohan direba ya ce mini, "Maigini, kurkukun nan naka ya yi kyau."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne rumbun shinkafar Kaka. Na katako ne, ya haura shekara ɗari, ko ƙwaya bai zubar ba. Na durƙusa na leƙa. Ashe ginshiƙansa ba a binne suke ba, zaune suke kan faffaɗan duwatsu. Sun gusa yatsa biyu, sun tsaya. A nan muke ɓuya muna yara, ban taɓa tambaya ba.

Ƙanenki,
Darwis

Yaya Rosnidar,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi, na je wurin Kawu Bustami kafinta. Sai da ya gama yi mini dariya, sannan ya ce ƙasar nan tamu bauna ce, wanda ya ƙanƙame ta shi take karyawa. Kwana huɗu ina masa tambayoyi, har ya ce na fi jikokinsa surutu.

Na yi wa motar rumfar katako a kan duwatsu, da ƙusoshin itace maimakon na ƙarfe, ba ƙofa. Jiya da hantsi ƙasa ta sake motsawa. Rumfar ta yi ƙara, ta yi rangaji, ta zauna. Marjohan ya fito da mota lafiya lau. Har yanzu ina son sanin yadda kakanninmu suka gano wannan.

Na ji ofishinku zai cire allon sunana daga tsohon ginin, wai don a rufa mini asiri. Ban yarda ba. Wanda ya cije nawa ne, wanda ya saki mota ma nawa ne. Ki sa a rubuta Darwis a duka biyun. Sunan Kawu ma a sa, amma a ƙasan nawa.

Ki gaida yara.

Ƙanenki,
Darwis