Kan Keken Malam Ɗan'inna

Gwaggo Mu'minatu, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kunya ta hana ni sakat, kuma ba wanda zan iya gaya wa wannan ido da ido.

Ni ma'aikacin haraji ne a Dutse, tun da aka ba mu jiha aka dawo da mu daga Kano. Ofishinmu dai suna ne kawai. Babur ɗaya gare mu, mu bakwai, kuɗin mai kuwa sai a yi wata huɗu ba a sako ba. Ko takardar rubutu karo-karo muke yi. To akwai wani Alhaji mai gidajen mai da tireloli, ba zan kama suna ba. Tun lokacin wahalar mai, duk Litinin sai ya aiko mana da jarka guda, wai gudummawa. Fayil ɗinsa shekara shida yana cikin durowata ban taɓa buɗewa ba. Ranar da na yi gigin tayar da maganar, oga ya tambaye ni ko da ƙafa nake so in riƙa fita aiki. Na bar fayil ɗin inda yake.

Da wannan man nake bin masu shayi da masu faci da teloli. Su kam ba sai an yi wani bincike ba, duk abin da suka mallaka yana gabanka.

Ran sha biyu ga azumin nan na je Kiyawa. Akwai wani dattijo tela, Malam Ɗan'inna, ana bin sa harajin shekara biyu, naira ɗari shida. Ya roƙe ni in bari sai bayan Sallah, don masu ɗinki ba sa biya sai sun karɓi kaya. Ni kuwa ana matsa mana mu cika adadin wata, ga ƙishirwa, ga zuciya. Na kwance kan keken ɗinkinsa, mutane suna kallo. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya tashi ya ɗauke buhun da yake zama a kai, ya naɗe kan keken da shi don kada gargadar hanya ta lalata shi. Ya kuma tuna mini la'asar ta yi, ya miƙo mini buta.

Jiya wani abokin aikina ya bi ta can, ya gan shi yana ɗinka riga da hannu, ga yadin mutane jibge a bayansa. Ni da na yi ta kabbara ranar da aka ƙaddamar da shari'a har muryata ta dishe, ni ne na yi wannan.

Kan keken yana sito, ba ya fita sai an biya har da tara. In na biya daga aljihuna, ji nake kamar toshiyar baki na ba zuciyata. In na buɗe fayil ɗin Alhaji kuma, ƙila a jefa ni wani ƙauye, ga 'ya'ya biyar a unguwar Yalwawa. Yaya zan yi?

Mai Sunkuyar da Kai, Dutse.

Ɗana, na sa wasiƙarka gaba da sauran saboda lokaci. Kunyar nan kada ka raina ta, alheri ce. Amma kunya ba ta ɗinki. Telan da ya rasa goman ƙarshe ya rasa shekara, kuma masu kayan ba za su sake dawo masa ba. Ka biya kuɗin, ka karɓi rasit da sunansa, ka kai masa kayansa da rana tsaka a gaban waɗanda suka ga ka kwance. Ka ɗaura masa da hannunka, ka roƙi gafara. Zancen toshiyar baki kuwa ajiye shi, bawan Allahn nan keke yake bukata, niyyarka tsakaninka da Ubangiji ce.

Ban ce haraji zalunci ne ba. Ana bin Malam Ɗan'inna, kai ma aiki aka sa ka, kuma ofishin da aka bari ba mai dole ya ji nauyin mai ba shi. Wannan laifin manya ne. Naka shi ne ka iya yi wa mai tireloli haƙurin shekara shida, ka kasa yi wa tsoho na kwana ashirin.

Batun fayil, ban ce ka yi fito-na-fito da oganka ba, mai iyali ba ya wasa da tukunyarsa. Ku rubuta takarda cikin ladabi, ku bakwai ɗin ku sa hannu, ku nemi a riƙa sakin kuɗin mai a kan lokaci, ku kuma nemi izinin duba duk fayil ɗin da ya daɗe, ba na Alhajin kaɗai ba. Ka adana kwafi. Ƙila a yi shiru, ƙila a ɗaga ka, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ke hannunka shi ne, duk wa'adin da aka ba babba ka ba ƙarami irinsa.

Yanzu dai ajiye jaridar nan ka tashi, don kowace sa'a ka ƙara, yatsun tsohon nan ne suke biya. Allah ya karɓi ibadarka, ya sa Malam Ɗan'inna ya yafe maka.