Ɗaurin Gurumin Kawu Gado

Kawu Gado,

Gaisuwa mai yawa daga Abijan. Ina ruwa a Tamaske? A gaishe mini da Inna Habsa.

Ni lahiya lau nike. Hannun hagun da ƙarhe ya danne a shantiye, wurin aikin gini, ya warke, yatsu biyu dai ba su lanƙwasuwa. Kada ka gaya ma Inna.

Wani tsoho maƙwabcina ya ara mini gitar da ake kwantarwa bisa cinya. Ba a danna tsirkiyarta da yatsa, guntun ƙarhe ake ja bisa kai, ka ga ta yi mini daidai. Ya nuna mini ɗaurin tsirkiya iri ukku, duk na gwada. Suna da daɗi, amma kiɗan noman garinmu ya ƙi zama cikinsu.

Don Allah ka ɗauko guruminka ka yo mini vokal, saƙon murya ta waya. Ba waƙa ba, waƙar tana kaina. Ka taɓa tsirkiyoyin ɗaya-ɗaya, in ɗaure nawa a kai.

Ka taɓa ce mini gurumin nawa ne ran da na komo. Hannun ga ba ya iyawa, Kawu. Bari in gaji ko muryatai.

Allah shi ƙara maka lahiya.

Ɗanka,
Shafi'i