Allo Ɗaya, Shago Biyu

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Yau aka kafa allona a bakin titi: LUCIA, KITSO DA GYARAN GASHI. Shuɗi da fari. Na tsallaka titi na tsaya ina kallo kamar baƙuwa. Bayan shekarun da na yi ina kitso a shagon mutane, ga sunana a Samaru.

Laraba, 5 ga Yuni
Ashe sai da izini. Wata Malama Asabe ta zo daga ofishin da ke kula da alluna, ta zaga, ta auna, ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce gininmu a kan kwana yake, allo ɗaya kawai za a yarda a kafa, don biyu za su tare wa 'yan acaɓa gani. Kuma maƙwabcina Uzodinma mai gyaran waya ya riga ni nema.
Uzodinma fa! Wanda hayaƙin janaretansa ya sa tun Ista ba ma gaisawa.

Juma'a, 7 ga Yuni
Na je ofishinsu a Sabon Gari. Da na ji Malama Asabe 'yar Wusasa ce sai na shiga jero mata dangin mamata da ke can. Ta bari har na gama, sannan ta yi dariya. "Ƙanwata, ko cikinmu ɗaya, kwanar nan ba za ta miƙe ba. Je ki yi magana da maƙwabcinki." Ta raka ni har bakin ƙofa.
Na so in ji haushinta. Ya ƙi zuwa. Mace ta hana ka abu, ka fito kana mata godiya!

Asabar, 8 ga Yuni
Ban yi masa magana ba. Ba zan yi ba.

Talata, 11 ga Yuni

Na dawo daga kasuwa da man gashi na tarar da taro a ƙofar shagona. Wasu ƙarti sun zo da diga, wai daga ofis suke, za su tafi da allon. Uzodinma ya riƙe ƙarfen gam ya ƙi saki. Ban taɓa jin ya yi doguwar Hausa ba sai yau, Zazzaganci tsantsa. "Ina katin aikinku? A Sabon Gari aka binne cibiyata, na san ku, na san gidajenku." Ya kira Malama Asabe, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Ta ce ba ta aiko kowa ba, su tsaya ga ta nan zuwa. Kafin ta rufe baki sun sulale.
Gefen allon ya yanke shi a tafin hannu. Na ce sannu, na gode. Ya ce, "Ba komai, Madam." Ya ɗaure hannun da tsumma ya koma kan aikinsa.
Da ya bari sun tumɓuke, ai shi aka share wa hanya. Ya san haka sarai.

Alhamis, 13 ga Yuni
Tare muka je ofis. Shi ya kawo shawarar a yi allo ɗaya mai suna biyu. Malama Asabe ta ce, to sunan wa zai hau sama? Na gyara zama, na shirya faɗa. Sai ya ce, "Nata. Wanda wayarsa ta mutu, ko a rami nake zai tono ni. Ita kuwa sabuwa ce."
Malama ta dube ni ta saman tabarau. Na rasa inda zan sa idona.

Alhamis, 20 ga Yuni
Izini ya fito. Ana yayyafi Malama Asabe ta zo da kanta, da lema, ta nuna inda za a haƙa, baya da lambatu kaɗan. Ta tsaya a kwanar, ta rage tsawo daidai mai babur, ta duba ta duba, sannan ta ce ya yi. Na ce ta shigo in yi mata kitso kyauta. Ta ce za ta zo ran Asabar, amma da kuɗinta.
Hannun Uzodinma ya fara warkewa. Na lura ne kawai.

Litinin, 24 ga Yuni
Wata ɗaliba, ina cikin yi mata shuku, ta ce, "Anti, Uzo ɗin da ke kan allo maigidanki ne?" Na ce a'a. Ta ce to me ya sa na daɗe kafin in amsa. Yaran jami'a da surutu.
Wayata lafiyarta ƙalau. Amma gobe zan miƙa masa ya ɗan duba ta, a san lafiyar abu ba laifi ba ne.