Ranar da Mu'azu Ya Ce wa Liman Akwai Gajiya

Zuwa ga Hajiya Ladi, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, ina sanar da ke gida lafiya. Tudun Wada tana nan yadda kika bar ta, har kwatar ƙofar gidanmu ba a gyara ba. Na san saƙo ba ya isa inda kike. Amma 'yarmu Bilki ta buɗe mini shafi a waya ta ce in riƙa sauke abin da ke raina, to ga shi ina saukewa. Masu leƙe ta kafaɗata su leƙa, ni da ke nake.

Maganar Mu'azu ce ta kawo ni.

Kin tuna wahalar da kika sha kafin yaron nan ya iya gaisuwa. A ce masa ina kwana, ya ce a ɗaki. A ce masa ina gajiya, ya nuna ƙafarsa. Kika riƙa zaunar da shi a gindin murhu, kina tuƙa tuwo kina biya masa kamar karatun allo: lafiya lau, babu gajiya, aiki da godiya. Kika ce mini, "Malam, mutane ba su da haƙurin jiran yaron nan. In ya iya gaisuwa, ko ba na nan za a bar shi ya wuce." Ya kuwa iya. Ga shi ya haura talatin, yana gugar kayan unguwa, yana kiwon tattabarunsa, kuma duk wanda ya gaishe shi sai ya ji amsa daidai, ko da idonsa na kallon bango.

Kin kuma san irin mutanen da suka taɓa nuna suna son Mu'azu. Akwai mai hayaƙin nan da ya ce aljana ce ta aure shi, ya turare shi har ya kwana biyu yana tari. Akwai masu farar motar da suka sa masa hula, suka ɗauki hotonsa, daga baya muka ga fuskarsa manne a jikin bango ana neman taimako da ita. Unguwa ta kira shi galahanga, kika daina sayen kayan miya wurin matar da ta fara faɗa. Likita ya kira abin otizim, muka karɓi sunan muka dawo da shi gida, babu abin da ya canza. Saboda haka ni dai, duk wanda ya zo da fara'a yana tambayar Mu'azu, hannunsa nake fara kallo.

To bayan arba'in ɗinki da 'yan watanni, Bilki ta zo da labarin wata ƙungiya. Wai manya ne masu irin halittar Mu'azu, suna haɗuwa ran Asabar bayan azahar a wani gida bayan unguwar Kongo. Na tambaye ta wa ke yi musu magani, ta ce ba magani ake yi ba. Wa ke yi musu wa'azi? Babu. To me ake rabawa? Ta ce ba a raba komai, zama kawai suke yi da juna. Hajiya, a garin nan mun ga ƙungiyoyi iri-iri, kuma kowacce da zama kawai ta fara. Na dai bar shi ya je saboda Bilki ta gaji bakinki.

Ya fara zuwa. Bai dawo da hula ba, bai dawo da ƙasida ba. Na shinshina rigarsa, babu ƙaurin turare. Wannan ya ƙara tayar mini da hankali, don abin da ba ka gani ba ba ka san ta inda za ka tare shi ba.

Sai ranar wata Juma'a, an fito masallaci, Liman ya miƙa masa hannu a gaban jama'a ya ce, "Mu'azu, ina gajiya?" Ɗanki ya ce, "Akwai gajiya, Malam. Lasifikar nan ta yi ƙara da yawa." Alhaji Sale mai taya ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce, "Malam Garba, ɗanka ya faɗi abin da duk muke ɓoyewa!" Ni kuwa ƙasa nake nema ta buɗe. Karatun da kika yi shekaru kina biyawa a gindin murhu, wasu sun warware shi cikin 'yan Asabar.

Da muka dawo na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce, "A can ba a ƙarya a gaisuwa." Na ce ai gaisuwa ba ƙarya ba ce, ladabi ne. Ya ce, "To me ya sa ake tambaya?"

Asabar ta zagayo, na sa babbar riga na bi shi, ban nemi izinin kowa ba.

Gida ne mai tsakar gida babba da bishiyar mangwaro. Na yi sallama, aka amsa, shi ke nan. Dattijo da furfurata, babu wanda ya miƙe, babu wanda ya tambaye ni iyali. Mai gidan, wata Malama Hassana, mai haɗa magani ce a wani shago, ita ma irinsu ce. Ta nuna mini kujera tana kallon takalmina, ta ce, "Baba, ina gajiya? A nan ana faɗin gaskiya ko a yi shiru, duka muna karɓa." Na ce babu gajiya, da ƙarfi, don su san daga gidan tarbiyya na fito.

Na zauna ina bincike da ido. Na nemi mai ɗaukar hoto, ban gani ba. Na nemi akwatin taimako, na nemi Bature a bayan labule, har leƙa bayan randa na yi da sunan shan ruwa. Abin da na gani shi ne alayyahu da tumatir da suka shuka a tsofaffin buhuna, da wata mata tana saƙa ta juya wa kowa baya, da wani mai gyaran waya daga Kwangila ya toshe kunnuwansa yana ban ruwa. Mai son magana ya yi, wanda ba ya so ba a matsa masa.

Sai aka zo kan Mu'azu. Ladi, ya fara kaɗa jikin nan nasa gaba da baya, wanda kike ɗora hannu a gwiwarsa in muna cikin mutane. Hannuna ya tashi da kansa, sai na ga babu mai kallonsa, biyu daga cikinsu ma suna nasu kaɗawar. Ya ɗauko zancen tattabaru, wadda ta yi ƙwai, wadda ta gudu gidan maƙwabta ta dawo da miji. Ya yi ta yi, babu wanda ya katse shi. Mai gyaran waya ya ce tattabarar nan ta fi shi sa'a, shi ko budurwa ba ta kula shi ba. Mu'azu ya yi dariya, irin mai shessheƙar nan. Rabon da in ji ta tun kina asibiti.

Da za mu tafi Malama Hassana ta ce mini, ba tare da kwana-kwana ba, zaman nasu ba na iyaye ba ne, in zan sake zuwa akwai benci wurin mai shayi a waje. Kin ji fa. Ni za a kora daga wurin da ɗana yake. Na fito ina cewa a raina lallai akwai abin da suke ɓoyewa, kuma na yanke cewa wannan ce Asabar ɗinsa ta ƙarshe.

Mun iso gida la'asar sakaliya, na zauna a tabarmar zaure ina shirya yadda zan gaya masa. Sai ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, ina gajiya?" Na ce babu. Ya ce, "Ba gaskiya ba ne. Tun da Inna ta rasu ba ka gama tuwonka."

Ladi, mutane nawa suka yi mini wannan tambayar tun ranar da aka kai ki, kuma ko ɗaya bai tsaya jin amsa ba, ni ma ban tsaya ba. Na ce masa akwai. Ya ce, "To. A can in mutum ya ce akwai, zama ake yi kusa da shi, ba a cewa komai." Ya zauna. Yaron da ba ya son a taɓa shi ya matso har kafaɗarsa ta kusa taɓa tawa. Muna nan har aka kira magariba.

Ban hana shi ba. Abin da ke hana ni cin tuwon nan shi ne tunanin wa zai zauna kusa da shi ranar da na biyo ki, kuma na ga mutanen da suka iya zaman. Mun dai yi ciniki: Liman da surukan Bilki za su ci gaba da samun babu gajiya. Ya ce Liman kaɗai. Karatunki bai ɓace ba, ya dai rage masu cin moriyarsa.

Kada ki ɗauka na saki jiki. Duk Asabar ina kan bencin mai shayi, ina lura da mai shiga da mai fita. Har yau ban kama su da komai ba, amma ban gama bincike ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya saka miki da kowace gaisuwa da kika biya wa yaron nan. Allah Ya sa mutanen nan su zama yadda suka bayyana. Ya haɗa mu a inda babu gajiya da gaske.

Naki har kullum, mai gajiya,
Garba