Sitatar Tankar Dogo

Litinin, 3 ga Maris

Dogo direba ya kawo tankar ruwan nan tasa, jawo ta aka yi har ƙofar gareji. Tsohuwar dizal ce, ta girmi mai tuƙa ta. Wai da safe ya murɗa makulli ta ƙi tashi. Na ce ya hau ya murɗa in ji. Ya murɗa, shiru. Ya sake, shiru.

To ai magana ta ƙare. Ni da kunne nake aiki, duk layin nan an sani. Sitata, wato abin da ke tayar da injin mota, ba ta iya ɓoye ciwonta ba. In ta yi ƙas-ƙas-ƙas da sauri, batir ne ya yi sanyi. In ta yi ƙas sau ɗaya ta tsaya, wuta ta iso, cikinta ne ya cinye, sai a kwance ta. In tana juyawa fiii ita kaɗai, haƙorinta ne bai kama ba. In kuwa shiru ne ɗungurungum, wutar ma ba ta iso gare ta ba, a hanya za a nemi laifin. Na goge kawunan batir, na canza gidan makulli, dama ya saki. Bugu ɗaya ta tashi.

Dogo ya yi wata magana can cikin maƙoshi. Sai da na sa ya maimaita. Wai, “Baba, ni fa kamar tana ɗan yin ƙas.” Na ce masa ya tsaya a tuƙinsa in tsaya a gyarana. Mutanen yanzu magana ciki-ciki, sai ka ce sayar musu da muryar ake yi.

Ƙarami yana gefe yana kallo. Ƙanina, wanda ni na koya masa riƙe sifana, shi ne tun shigowar shekarar nan yake ta zagaye-zagaye wai in koma shagon kayan gyara in zauna, in bar masa motoci. Garejin da na kafa tun bai fara aske gemu ba. Yau dai ya ga aiki da idonsa.

Laraba, 5 ga Maris

Mai ɗakina ta sake rage min rediyo ina tsakiyar jin labarai. Wai maƙwabta. Maƙwabtan da janaretonsu ke kwana a bayan tagata.

Alhamis, 6 ga Maris

Tanka ta dawo. Raina ya ɓaci tun daga nesa da na hango ana jawo ta.

Dogo ya murɗa, shiru kamar wancan karon. Ƙarami ya matso kusa da ni ya ce, “Yaya, da mun kwance sitatar nan mun duba cikinta.” A gaban direba! Na ce masa sitatar wannan motar tana can ƙasa a maƙale bayan bututun hayaƙi, wuni guda mutum zai yi a kwance yana cin ƙasa kafin ta fito, kuma ba ni kwance abin da bai yi ƙara ba. Wanda bai san abin da yake nema ba shi ne yake kwance komai.

Na bi siririyar wayar da ke tasowa daga makulli zuwa sitata, na same ta ta goge a wuri ɗaya, na canza ta gaba ɗaya. Na ƙara ɗaure wayar da ke kama jikin mota. Muka ɗan jijjiga motar, Dogo ya murɗa, ta tashi. Na kalli Ƙarami, ya kawar da kai yana goge hannu da tsumma.

Ba tashin motar ne ya tsaya min a rai ba. Kallon da suka yi wa juna shi da Dogo lokacin da aka murɗa makullin farko, shi ne. Na gani sarai.

Asabar, 8 ga Maris

Ba ta dawo ba. Na sha shayina a bakin ƙofa inda kowa zai gan ni.

Litinin, 10 ga Maris

Ashe yau da hantsi tankar ta mutu a ƙofar wata makaranta, cike da ruwa, ta tare hanya. Motoci sun yi layi, iyaye na zagi, masu makaranta sun kira mai tankar. Ni duk ban sani ba. Sai ganin Ƙarami na yi ya ɗauki akwatin kayan aiki ya fita da sauri. Shi aka kira.

Da suka jawo ta da la’asar na tare Dogo. Na ce, motar da ke hannuna, ka tsallake ni ka kira ƙanina? Ya rantse ya kira ni har ya gaji. Ya nuna min a wayarsa. Na ciro tawa daga aljihun gaba, ga kiran nan jere. Ƙarar wayar nan ta daɗe da lalacewa, na sha faɗa wa 'yata Auta ta duba min ita.

Ban ci abincin kirki ba. Mai ɗakina ta tambaya, na ce zafi ne.

Talata, 11 ga Maris

Zan rubuta wannan yadda ya faru, don kada gobe a juya min shi.

Da safe Ƙarami ya ce, “Yaya, don Allah zo ka tsaya nan.” Ya tsayar da ni daidai tayar gaba. Mai walda na maƙwabtanmu ya kashe injinsa ya leƙo, ba wanda ya gayyace shi. Dogo ya hau ya murɗa.

Ƙarami ya ce, “Ka ji?”

Na ce me zan ji.

Aka sake murɗawa. Mai walda ya ce, “Ga shi nan kuwa, ƙas.” Dogo daga sama yana gyaɗa kai. Mutum uku suna kallona, ni ina kallon taya. Wallahi babu abin da ya yi ƙara. Na ce musu in haɗa baki suka yi su faɗa min, ba sai an tara min jama’a ba. Na shige ciki.

Ƙarami ya shiga ƙarƙashinta, bai fito ba sai bayan azahar. Ya kawo sitatar kan tebur ya buɗe. Ya zaro burushin guda huɗu, 'yan gawayin nan da ke kai wuta cikinta, ya jera min a gabana. Gawayin da ya kamata ya kai tsawon gaɓar yatsa ya cinye saura kamar ƙwayar wake, inda yake gogawa ya yi baƙi ƙirin. Wato wani lokaci ya taɓa, mota ta tashi, wani lokaci ya ƙi. Jijjigar da muka yi mata ran Alhamis ce ta tashe ta, ba wayata ba.

Amma ga abin da ba wanda yake son a faɗa. Jikin sitatar duk tabon guduma ne. Dogo ya daɗe yana shiga ƙasa yana ƙwanƙwasa ta kafin ta tashi, bai taɓa gaya min ba. Da ya faɗa tun ranar farko, ko a waya zan ce masa burushi ne. Na tambaye shi dalili, wai tsoron faɗana yake ji, don ya san na tsani masu dukan sitata. To laifin wa ke nan? A ɓoye wa mai gyara rabin labari, sannan a tara mutane a ce bai ji ƙas ba.

Kuma burushi in ya cinye haka, ƙas ɗin ba ya da ƙarfi. Kowa ya san wannan.

Laraba, 12 ga Maris

An sa sabon burushi. Ta tashi, ta tafi. Dogo ya yi min sallama daga nesa.

Juma’a, 14 ga Maris

Ƙarami ya jira kowa ya watse sannan ya jawo benci ya zauna kusa da ni. Ya ɗaga murya kamar yana magana da wanda ke tsallaken titi. Na ce ya sassauta, ba kurma ba ne ni. Ya sassauta, sai kuma ya koma cin maganar, dole na riƙa kallon bakinsa.

Abin da ya faɗa dai: mai tankar yana da wasu motocin, duk mu ke duba su, ya ce in ni zan ƙara taɓa masa mota zai kwashe su ya kai wani wuri. Wai shi Ƙarami ya ba shi haƙuri. Wai shago yana buƙatar wanda ya san kaya, kuma akwai fanka. “Yaya, ba korar ka nake ba. Hutu ne. Daga farkon wata.”

Hutu. Na ɗauke shi yana yaro ba ya bambance sifana da filaya, ya ƙona min batir, ya karya min ƙusoshi ba adadi, ban taɓa ce masa ya je ya huta ba. Yau shi ne yake min tayin fanka.

Na ce masa garejin nan da sunana aka san shi. Ya ce ya sani. Ya tashi ya ɗauki bencin ya mayar inda yake, idonsa ya yi ja. Ni ya kamata idona ya yi ja, ba shi ba.

Asabar, 15 ga Maris

Auta ta zo daga wurin aikinta. Uwarta ta riga ta cika mata kunne. Wai akwai inda ake gwajin ji, ba zafi, za ta raka ni. Na ce ta fara gyara min wayata. Ta karɓa, ta kira ta da tata, ta ajiye min a kan tabarma. Ina ganin hasken yana walƙiya. Ta dube ni, uwarta ta leƙo daga madafa ta ce wa ke kira. Na ce su bar ni in huta.

Lahadi, 16 ga Maris

Na je gareji da sassafe, ba kowa, layin tsit. Ba don komai ba, akwai wata tsohuwar sitata a ƙarƙashin tebur da na daɗe ina son dubawa, ita ma burushinta ya tafi.

Na ɗaure ta a kan tebur, na jona batir. Na ɗora tafin hannuna a kanta na taɓa waya. Ta buga min a hannu, dum, har cikin gwiwar hannu na ji. Na ga haƙorin ya yi tsalle ya fito. A kunne kuwa, kamar wani ya ajiye cokali a ɗaki na uku.

Na juya mata kunnen dama na sake. Akwai ɗan abu. Na juya na hagu. Hannuna ya ji, idona ya gani, shi ke nan.

Na yi ta yi har wayar ta ɗau zafi. Sannan na zauna a kan bencin na daɗe. Inji nawa na sa kaina a ciki yana ruri tun ina saurayi, ba wanda ya taɓa ce min in toshe kunne. Maigidan da ya koya min aiki ma cewa yake mai toshe kunne rago ne. Shi na fi jin haushi yau, ga shi ya daɗe a ƙasa, ba halin in je in gaya masa.

Na mayar da sitatar inda take, na share teburin.

Talata, 18 ga Maris

Na gwada zaman shagon, don in nuna masa ba zai yiwu ba. Wuni guda ina miƙa fis da ƙwan fitila. Fankar ma juyi ɗaya take yi. Ta taga ina kallon Ƙarami yana fama da wata a-kori-kura, ya canza batir, ya canza waya, abin da ko daga nan na ga hayaƙin fari ne, hita ce ta mutu, mai ɗumama inji kafin ya tashi. Na bar shi ya sha wahala har la’asar sannan na aika masa da hitar ba tare da ya nema ba.

Kunne gare shi, wannan ban hana shi ba. Amma ji daban, sanin abin da aka ji daban.

Alhamis, 20 ga Maris

Mai ɗakina ta zauna ta damata da za mu ci abinci. Da can ta hagu take zama. Ban tambaye ta ba.

Litinin, 24 ga Maris

Wata tsohuwar bas aka turo da safe, direban dattijo ne, tun zamanin da muke gyara a gindin bishiya yake kawo min mota. Ƙarami ya nufe shi, ya ce a’a, Baba yake nema. Na fito daga shago. Me zan ce masa, ina hutu?

Ya hau, na tsaya a gefen injin. Sitatar tana can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Ya murɗa. Ni dai shiru na ji. Ya leƙo ta taga yana jiran abin da zan faɗa, yadda ya saba. Bakina har ya ɗauko “gidan makulli”. Ƙarami yana bayana, ya sunkuyar da kai yana murza tsumma.

Na juya na ce, “Me ka ji?”

Ya ɗago kamar bai gane da shi nake ba. Sannan ya matso ya ce, “Ƙas ɗaya, Yaya. Mai nauyi.”

Na ce, “Fitilun gaban direba fa, sun dushe ko suna nan?”

Ya leƙa. Sun dushe sosai.

To ba burushi ba ne. Burushi in ya cinye ba ya jan wuta, fitila ba ta dushewa. Wannan tana ja tana kasa juyawa, bushin ne ya goge, zoben da ke riƙe sandar tsakiyarta, cikinta ya kwanta gefe yana gogar jiki. Na faɗa a gaban direban. Ƙarami ya kwance ta, muka buɗe tare, ga sawun gogar nan yana ƙyalli. Direban ya ce shi ya sa ba ya kai motarsa ko’ina. Ƙarami ya miƙo min sifana, ni na ɗaure ta da hannuna.

Tambaya ce kawai na yi. Likita ma yana tambaya, ba wanda ya ce ya koma sayar da magani.

Maganar farkon wata ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba. Da za mu rufe na ce masa daga gobe in mota ta shigo ya riƙa tsayawa ta damata. Ya ce to, Yaya. Na ce masa haske ya fi kyau ta can.